Wata huɗu ina kai yarona wajen masu kula da yara masu baiwa, ga yadda na ga wajen

Takardar jarrabawa ce ta sa na fara neman wajen nan. Yaron nawa yana aji huɗu na firamare, shekararsa 9, ya dawo daga makaranta wata Laraba ya shige ɗaki ko takalmi bai cire ba, ina kicin ina jiyo wani sauti kamar ana yaga kwali, da na leƙa sai na tarar ya yi wa takardar lissafinsa gutsi-gutsi yana kuka har da shessheƙa. Sai da na harhaɗa guntayen a kan tabarma sannan na ga makin, 98 cikin 100. Wai ya manta bai rubuta santimita a ƙarshen amsa ba, kuma wai yanzu kowa zai gane daƙiƙi ne shi. Wallahi ni a lokacin haushi ma ya ba ni, nace kai wannan ai butulci ne, wasu 50 suke nema ido rufe ba su samu ba. Na miƙa masa tsintsiya nace ya share wajen. Iyakar abin da na yi ke nan ranar.

Ba zan faɗi sunansa ba, ɗan fari ne, ko a gida ba na kama sunan balle a nan. Tun yana shekara uku yake haɗa baƙi a jikin gwangwanin madara da allunan talla in muna cikin adaidaita, a islamiyya ya wuce sa'anninsa nesa ba kusa ba, dangi kowa tubarkalla masha Allah, Hajiyar babansu kuwa kullum faɗanta a daina nuna shi saboda baki. An yi tofi an sha rubutu, duk an yi, kuma ban raina ba. Amma abin da ba wanda yake gani sai ni shi ne yaron nan ba shi da aboki ko ɗaya. In an fita tara yara na ƙwallo shi yana wajen maigadi yana yi masa tambayoyin yadda ake tafiya Agadas. Malamai biyu sun kira ni a kan wai yana da iyayi, yana gyara musu a gaban aji. Da daddare ƙarfe sha ɗaya sai ya taso ni ya ce Umma almajiran da suke kwana a bakin masallacin layinmu in aka yi sanyi wa yake ba su bargo, in na ce je ka kwanta sai hawaye. Ɗan ƙyallen nan da ake liƙawa a wuyan riga sai na yanke shi kaf, in ba haka ba ba zai sa rigar ba, wai yana cizonsa. Ga zuciya, abu kaɗan ya hau sama kamar fashewar taya.

Matar yayana ce ta ba ni labarin wajen, ita ma a wajen aikinsu ta ji. Gida ne falat aka mayar da shi cibiya, ta wajen Zoo Road, in ba an kwatanta miki ba sai ki wuce ba ki lura ba don allon nasu ƙarami ne. Sunansu ma ba zan kama ba, ba talla suka ba ni ba, kuma ina da ƙorafe-ƙorafe da zan faɗa ba na son a ce na ɓata wa mutane sana'a. Yara ne 'yan shekara 7 zuwa 12, a rukunin yarona su takwas ne, suna haɗuwa Alhamis da yamma bayan la'asar da kuma Asabar da safe. Alhamis ɗin dabara ce mai kyau tunda ba islamiyya, ta Asabar ɗin ce matsala, zan dawo kanta.

Ranar farko ni na ɗauka lesin ne na manyan ƙwaƙwale, har na tafi da sakamakonsa na zango uku a leda. Malamar da ke jagorantar wajen, wata mata mai sanyin magana wadda ta karanci ilimin halayyar ɗan adam, ko buɗe ledar ba ta yi ba. Tace Hajiya ajiye wannan, ai na yarda yana da ƙoƙari, ki faɗa min yana barci? Yana da wanda yake wasa da shi? In ya fāɗi a abu me yake yi? Kusan awa ɗaya muna magana shi yana can yana leƙa littattafansu. Maganar da ta tsaya min a rai ita ce da tace irin waɗannan yaran girmansu ba tare yake tafiya ba, kansa na ɗan shekara 14 ne, zuciyarsa ta ɗan 9 ce ko ma ƙasa, hannunsa wajen rubutu wataƙila na ɗan 7, to kan yana hango abubuwan da zuciyar ba ta isa ɗauka ba, yana gane mutuwa da talauci da rashin adalci amma ba shi da inda zai ajiye su. Mu kuma manya da mun ji yana magana kamar babba sai mu ɗora masa hankalin babba, in ya yi kukan yara mu ce da girmanka. Na yi shiru don kamar a tsakar gidana take zaune.

Da na koma gida na yi wa Abbansu bayani tambayarsa ɗaya ce, to me suke koya musu? Nace suna hira, suna dara, suna ɗan aikin hannu. Ya kalle ni ya ce yanzu kuɗi za mu cire mu biya a je a yi dara, darar da tsofaffi suke yi kyauta a gindin dalbejiya? Na lallaɓa shi dai ya ce a gwada wata ɗaya.

To darar nan kuwa ita ce abin da ya fi burge ni a wajen gaba ɗaya, bari in tsaya a kanta. Darar gargajiya ce tamu, katako ne aka fafe masa gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12, ɗaya da ƙwallon dabino ɗaya da tsakuwa, in ka jera uku ka ci ɗan abokin wasanka. Suna da ces ma, wato darar Turawa, amma da dara suke farawa. Sati na biyu na zo ɗaukarsa da wuri na tsaya ta taga, an haɗa shi da wata 'yar mitsitsiyar yarinya 'yar shekara 8 mai ɗan hijabi ruwan toka, ba ta ko magana, ta cinye shi sau ɗaya, ta sake, ta kuma. Yaron da tunda aka haife shi ba a taɓa kayar da shi a abin da ya shafi kai ba. Ina gani kunnuwansa suka yi ja, ya sa hannu ya kifar da katakon, ƙwallayen dabino suka watse har ƙarƙashin kujera. Ni har na ɗaga ƙafa zan shiga in ci masa mutunci don kunya ta kama ni, ɗaya daga cikin masu taimaka mata ta yi min alama da hannu in tsaya. Malamar ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma lallashe shi ba, cewa kawai ta yi na ga ranka ya ɓaci, je ka zauna can in ka huce ka zo ka tsince, za mu jira ka. Suka ci gaba da harkarsu kamar ba a yi komai ba. Ya fi minti goma yana huci a lungu yana jiran a zo a yi masa faɗa ko a ba shi haƙuri, ba wanda ya zo, ƙarshe ya rarrafo ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, ɗaya ya ɓata sai da yarinyar ta nuna masa da ƙafa. A cikin adaidaita muna hanyar gida har mun wuce Kabuga bai ce uffan ba, can sai ya ce Umma yarinyar nan tana barin a ci mata ɗa ɗaya da gangan don ta ci biyu. Wato duk hucin nan kan yana aiki.

Wajen sati na shida na sake leƙawa, ta kuma cinye shi, ya ɗan cije leɓe ya ce sake. Kalma ɗaya. Ni na san abin da kalmar nan ta ci kafin ta fito.

Akwai kuma abin da suke yi duk Alhamis kafin a tashi, kowa sai ya faɗi kuskure ɗaya da ya yi a satin, har da malamar, ranar nan tace ta zuba sukari a miya a zaton gishiri ne yara suka yi ta dariya har da faɗuwa. Da farko nawa cewa yake shi bai yi kuskure ba. Yanzu tun ranar Talata yake tanadin wanda zai kai. Suna kuma koya musu rarrabe abin da ke ransu, wai ba komai ne haushi ba, akwai takaici akwai kunya akwai fargaba akwai kishi, kowanne da sunansa. Sai dai nan ma akwai abin da ya ba ni haushi, allon da suka fara amfani da shi da Turanci yake da fuskokin yaran Turawa, an sauko da shi daga intanet an buga kawai, yaron da yake jin takaici da Hausa a ce ya nemo sunansa da Turanci. Sai da mu iyaye muka yi magana sannan aka zana wani da Hausa, kuma ya fi na farkon kyau nesa.

Sau ɗaya a wata ana zaman iyaye, kuma in kin tambaye ni kuɗina a nan ya fita. Malamar tana kawo abubuwan da masana suka gano amma ba ta cika mu da turanci ba. Ita ta ba mu labarin wani bincike da wata masaniyar halayyar ɗan adam, Carol Dweck, da abokiyar aikinta suka fitar a 1998 a Amurka, an ba yara 'yan aji biyar aiki, wasu aka yabe su da cewa kuna da ƙwaƙwalwa, wasu aka ce kun dage, da aka zo zaɓen aiki na gaba waɗanda aka yaba wa ƙwaƙwalwa suka fi karkata ga mai sauƙi don kar asirinsu ya tonu, da aka ba su mai wuya suka fāɗi kuma suka fi saurin karaya, wasunsu har ƙarya suka yi a kan makin da suka ci. Ina zaune ina lissafa sau nawa aka ce wa yarona gwani, ƙwaro, farfesa, tun yana rarrafe, dangi in sun zo sai a kira shi a ce zo ka yi wa Kawu lissafi kamar mai wasan biri. Mu muka koya masa cewa 98 abin kunya ne ba mu sani ba.

Ta kuma kwantar mana da hankali cewa baiwa ba ciwo ba ce. Tace wani Lewis Terman ya fara bin yara masu kaifin basira sama da 1,500 a Kalifoniya tun 1921 aka yi ta bin su har tsufansu, akasarinsu lafiya lau suka rayu da iyali da sana'a. Amma wata Leta Hollingworth da ta yi aiki da irin waɗanda suka yi nisa sosai a Niyok ta lura babbar wahalarsu ita ce rashin tsara, wato wanda za su yi wasa da shi ya gane su. Kenan ba yaron ne ya lalace ba, kaɗaici ne. Wannan ya yi min daidai da abin da nake gani, don tunda ya samu yaran nan bakwai maigadin makarantarsu ya huta.

A zama na biyu ne ta kama ni. Ta tambaye ni a gefe, ba a gaban mutane ba, tace Hajiya yaushe rabon da ku zauna ku biyu ba maganar makaranta ba faɗa? Na yi dariya nace Malama ɗan fari ne fa. Mu da muka taso ko kallon kirki uwa ba ta yi wa ɗan fari a gaban mutane, ni kaina 'yar fari ce, a hannun kakata na girma, Innarmu har yau ba ta kama sunana. Na ɗauka za ta ce min wannan al'adar ta wuce, da ta faɗa da ta rasa ni, don ba na son a raina min tarbiyyar da na tashi a ciki. Sai tace a'a ba na ce ki rungume shi a gaban surukarki ba, ki nemo aikin da za ku yi tare hannu na motsi ba sai kun kalli juna ba, minti goma sha biyar ya isa, kar ki tambaye shi komai. Na zaɓi tsintar wake. Kwana uku muna tsinta shiru sai labarin taurari da yake ba ni wanda rabi ban gane ba. Rana ta huɗu kansa a sunkuye yana ware tsakuwa ya ce Umma in ban zo na ɗaya ba za ki ji kunyata ko? Ban san lokacin da farantin ya kusa suɓuce min ba. Nace wa ya faɗa maka, ya ce ba kowa, ai ranar karɓar sakamako ce kawai kike min dariya sosai. Na rasa abin cewa, na ce masa dai ko na ƙarshe ka zo nan gidan za ka dawo ka tsinci wake. Ya yi dariya. Na shiga banɗaki na yi kukana na wanke fuska na fito na ɗora tukunya.

To yanzu ƙorafi, don wajen ba aljanna ba ne.

Kuɗin da yawa gaskiya. Mun biya 10,000 na rijista, sannan 25,000 duk wata, ban da shatar adaidaita daga Rijiyar Zaki zuwa can sau biyu a sati, a wannan marra da buhun shinkafa ya zama abin da ya zama. Yaro mai baiwa ba a gidan masu kuɗi kawai ake haifarsa ba, na tabbata a cikin Kurna da Ɗorayi da Brigade akwai ɗaruruwa irin nawa da ake ce musu marasa kunya ana zane su. Na tambaya ko suna da gurbin rangwame suka ce suna tunani, wata huɗu ke nan ana tunanin. Sannan gwajin da suka yi masa a farko, na zane-zane ne ana nuna masa jeri ya faɗi wanda zai biyo baya, 15,000 daban, ni ina jiran a ba ni lamba in san matsayinsa sai aka ce ba sa ba da lamba saboda ma'aunin da yaran wata ƙasa aka gina shi ba namu ba. Hujjar ta shige ni daga baya, amma ai sai a faɗa min kafin in yi tiransifa ba bayan kuɗi ya shiga ba.

Asabar ɗin da na ce zan dawo kanta, tana cin karo da tahfiz na safe, sai da na je na roƙi malaminsu ya yarda ya riƙa biyan karatun ranar Lahadi. Asabar ɗin ƙarshen wata kuma tsaftar muhalli ce ba fita sai ƙarfe goma, maimakon su matsar da lokacin tun farko sai sau biyu muna zuwa a guje a ce saura rabin awa a tashi. Da zafin Afrilu ya shigo solar tasu ba ta ɗaukar fanka biyu, janareto kuma in an tayar nawa toshe kunne yake, mutanen da suka fi kowa sanin yaran nan ba sa son ƙara ai bai kamata injin ya zauna a jikin tagar aji ba.

Babban abin da nake jin tsoro shi ne wajen a kan mutum ɗaya yake tsaye. Malamar ta yi tafiya sati biyu, 'yan matan da ke taimaka mata suna da kirki amma sai suka mayar da abin lesin, aka raba takardun lissafi har da cewa wa zai riga gamawa, wato ainihin ciwon da muka kawo a yi magani. Ranar ya dawo yana ta fahariya ya riga kowa, na ce to an koma gidan jiya. Kuma ba namiji ko ɗaya a ma'aikatan, zaman iyaye ma mata ne zalla sai wani bawan Allah ɗaya da yake zuwa ya takure a bakin ƙofa. Sun taɓa ɗora hoton yaran a Instagram ba su tambaye mu ba, na kira na ce a cire nawa, sun cire a ranar sun ba da haƙuri, amma da Hajiyar babansu ta gani da zuwan ya ƙare daga ranar. Kwanan nan kuma sun fara tallata mana wani ajin kwamfuta na ƙarin kuɗi, ni dai nace a'a, ba ƙarin karatu na zo nema ba, shi yake da shi har ya yi yawa.

Abu ɗaya da zan yaba musu a nan, ba sa riƙe abin da ya fi ƙarfinsu. Wata uwa ta faɗa a zamanmu da bakinta cewa ɗanta ya daina cin abinci yana maganar gara ya mutu, malamar ba ta tsaya dara ba, tace wannan na likita ne, ta tura su ɓangaren masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano, tace ya ci gaba da zuwa nan ɗin amma can ne gaba. Ta kuma ce mana wani yaron baiwar tana haɗe masa da wata matsalar ta daban, kamar rashin iya tsayar da hankali ko wahalar karatu, ɗaya ta rufe ɗaya, shi ma sai an je an duba.

Abbansu burinsa in yaron ya gama firamare ya zana jarrabawar da NECO take shiryawa ta shiga makarantar yara masu baiwa ta gwamnatin tarayya da ke Suleja, in ba ta yiwu ba in ya kai babbar sakandare ya nemi Dawakin Tofa ko Dawakin Kudu, makarantun kimiyyar nan da aka buɗe tun 1977 da suka fitar da likitoci da injiniyoyin Kano ba adadi, shi kansa yayansa a can ya yi. Ni ban ƙi ba. Amma na ce masa duk wanda ya shiga can na ɗaya ne a inda ya fito, dole wani ya zo na talatin, yaron da ya yaga takarda a kan 98 in ka kai shi kwana a Suleja ba uwa ba uba ya zo na goma sha biyu me kake zaton zai yaga? Bai ba ni amsa ba, amma kuɗin wata na biyu shi ya tura ban tambaya ba.

In yaronki ƙarin maki kike nema masa kar ki ɓata kuɗinki, nemi mai lesin. In kuma irin nawa ne, mai kuka a kan abin da ba ya sa yara kuka, mara aboki, wanda ake ce wa iyayi, kuma aljihu zai ɗauka, ki gwada zango ɗaya, amma ki tambaya tun farko wa zai riƙe ajin in malamar ba ta nan, ki ce ba ki yarda da hoto ba, kuma ki je zaman iyayen da kanki kar ki aika 'yar aiki. Ban ce ya canza gaba ɗaya ba, satin da ya wuce ya ci 91 a Turanci ya ƙi cin abincin dare, sai dai takardar tana nan lafiyarta ƙalau a ninke cikin jaka.

Mun karɓi lambar juna da maman yarinyar nan mai hijabi ruwan toka, ranar Juma'a bayan an sauko suka zo mana. Tsakar gidanmu siminti ne ba wajen haƙa gurbi, sai suka zana da gawayi, aka kwaso ƙwallon dabino da murafen lemo. Abbansu ya fito zai tafi majalisa ya tsaya yana kallo yana cewa ai ba haka ake yi ba, ya tattare babbar riga ya tsuguna wai bari ya nuna musu darar asali. Sau biyu yarinyar ta cinye shi. Ɗan nasa yana gefe ya dafa masa kafaɗa ya ce Abba in ka huce ka zo ka tsince.